RA'AYINMU: Jariri Yana Ji, Yana Kuma Riƙewa

Yawancin mutanenmu mazauna Kudu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, suna da wata al'ada guda. Idan yaro ya kai shekara 6 ko 7 sai a sa shi a mota a kai shi gida, Bauchi ko wani gari, don ya koyi Hausa da karatu da ladabi. Kafin nan kuwa ana cewa ai bai san kome ba. Mu a ganinmu wannan lissafi ya makara ƙwarai, kuma binciken masana ne ya sa muka faɗi haka.

A cikin 1980 waɗansu masana biyu na Amurka, DeCasper da Fifer, sun nuna cewa jaririn da bai wuce kwana 3 ba yana bambanta muryar uwarsa da ta wata mace, kuma ita ya fi so. Watau tun yana ciki yake saurare. Wata malama kuma, Carolyn Rovee-Collier, ta riƙa ɗaura zare daga ƙafar jariri zuwa abin wasa da ke rataye bisa gadonsa. Ɗan wata 3 yakan gane cewa in ya harba ƙafa abin zai motsa, ya kuma tuna bayan mako guda.

Amma abin da ya fi shafarmu shi ne na Janet Werker da Richard Tees a Kanada, 1984. Sun tarar jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana jin bambancin sautukan harshen da ba a taɓa yi masa ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya fara rufewa ga duk sautin da ba ya ji a gida. To, Hausa tana da ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda babu su a Yarbanci ko Turanci. Tsakanin baki da baƙi akwai tazara, haka tsakanin kafa da ƙafa. Yaron da ya yini a hannun maƙwabta, uwa tana talla, uba yana kara ko tashar mota, ba zai rasa koyon Hausa daga baya ba, amma da wahala zai kama abin da da a banza zai samu. Mutanen Bauchi ba sa bukatar a ba su labarin yadda harshe ke sulalewa daga gida: su dubi yadda Geranci ya ja da baya a gaban Hausa.

Kada kuma wani ya ce zai miƙa wa yaro waya ta yi masa aikin. A 2003 Patricia Kuhl ta sa aka yi wa jarirai 'yan wata 9 Sinanci har zama 12. Waɗanda mutum ya zauna gabansu sun kama sautukan. Waɗanda aka kunna wa bidiyo ba su kama ba.

Tilas mu taɓa batun kunyar ɗan fari. Al'ada ce mai daraja, kuma a gida ba ta da illa sosai, domin ga kaka ga goggo suna yi wa yaro wasa. A ɗaki ɗaya a Ikko fa, wa zai yi? Uwar da ta ƙi kiran sunansa, lalle kada ta ƙi yi masa magana.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Bauchi. A ƙaramar hukumar Toro an gwada aika mata gida-gida wajen masu ciki, maza kuma wajen mazajensu, kuma sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna matsalolin ciki sun ragu. Kamata ya yi a kawo tsarin cikin gari, su Jahun da Wunti da Kobi, a ƙara masa da koya wa iyaye hira da jariri. Sarakunan Hausawa na Kudu kuma su sa unguwarzoma da malaman Islamiyya su riƙa faɗar wannan a wurin kowane suna.