Mi ya sa maƙwabcinka Kirista ba ya layya?



Duk shekara in Babbar Salla ta matso, tambayar nan sai ta taso: Kirista sun yarda da Annabi Ibrahim, to mi ya hana su yanka? Wani ya ce rowa ce, wani ya ce raini. Ni dai ina ganin gara mu ji yadda su suke bayani kafin mu yanke masu hukunci.

A cikin Attaura da ke hannunsu akwai Littafin Firistoci. Babi na 1 zuwa na 7 sun jera hadayu biyar na Bani Isra'ila: ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi da ta laifi. Mai zunubi zai kawo dabba marar aibi, ya ɗora hannu bisa kanta, a yanka. Talakan da bai da halin tunkiya ya kawo kurciya biyu, in ko wannan ta gagara, garin alkama ya isa. Babi na 16 kuma ya yi maganar Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara: bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan babban firist ya faɗi laifuffukan jama'a bisa kansa, a kora shi daji.

Wannan yanka ya tsaya tun shekara ta 70, da Romawa suka rushe Haikalin Ƙudus. Su Kirista dalilinsu daban ne. A fahimtarsu, kamar yadda Wasiƙar Ibraniyawa ta kawo a babi na 9 da na 10, maimaita yankan kowace shekara shi ke nuna jinin dabba bai kawar da zunubi. Suna ɗaukar hadayun a matsayin ishara ga Yesu Almasihu, wanda suka yi imani ya ba da ransa sau ɗaya, magana ta ƙare. Shi ya sa ba su yanka don ibada.

Mu Musulmi ba mu tafi a kan haka ba. Alƙur'ani ya ce ba a gicciye Annabi Isa ba, kuma ba mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Bambancin babba ne, ba sai an ɓoye shi ba. Amma sanin aƙidar mutum ba bin ta ba ne. Mun ga majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, har da asarar rayuka. Wuta irin wannan, wanda ka sani da ƙyar ka cinna masa ita.

Ga kuma abin da ya shafe mu duka. A dokar hadayar laifi, wanda ya ci amana ko ya zambaci ɗan uwansa, sai ya maida abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo ragonsa. Wato ka ci jika 10, ka maido jika 12. A Linjilar Matiyu babi na 5, an ce mutum ya aje baikonsa ya je ya shirya da ɗan uwansa tukuna. Mu ma Suratul Hajji, aya ta 37, ta nuna ba nama ko jini ke isa wurin Allah ba, tsoron Allah ne.

To jama'a, wanda ya ci iyakar gonar maraya, ko ya danne kuɗin ɗan ƙwadago, ko dabbobinsa suka yi ɓarna ya yi shiru, ƙaton rago ba zai rufe wannan ba, wallahi. Kafin ka nufi kasuwar dabbobi bana, fara duba wa ke bin ka hakki. In kuma ka yanka, kar ka tsallake ƙofar maƙwabcinka Kirista wurin rabon nama.

Ku aje mana ra'ayinku a ƙasa, cikin mutunci. Allah ya ba mu zaman lafiya.