Gudu Kaɗai Ba Ya Yin Mai Tsaron Gefe A Ƙwallon Amurka

'Yan uwa masu bibiyar ƙwallon Amurka, musamman matasanmu da ke raba dare suna kallon wasannin NFL a waya, kun san duk watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na gasar ke zama su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Zagaye bakwai ake yi, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke da haƙƙin zaɓen farko. Kafin ranar, a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, ana tara matasan a birnin Indianapolis a auna tsayinsu da nauyinsu da tsallensu, sannan a sa su tseren yadi 40, wato kimanin mita 36 da rabi. Da an fitar da sakamakon tseren nan sai gardama ta kaure, kowa na cewa wane ne gwani tunda ya fi gudu. A ganina, idan ana maganar mai tsaron gefe, an ba wannan tsere matsayin da ya fi ƙarfinsa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai tsaron gefe shi ne wanda ake haɗawa da ɗan wasan da ke rugawa ya cafke ƙwallon da aka jefo masa. Mai cafka ya san inda zai bi, mai tsaro bai sani ba. Yakan fara ne da gudu da baya-baya, idonsa na kan abokin karawa, sannan ya juya ƙugu ya bi shi ba tare da ya rasa taku ko ɗaya ba. A tseren Indianapolis kuwa mutum yana gudu ne a miƙe, babu sulke a jikinsa, babu wanda zai yaudare shi da kaɗa kafaɗa. Abin da ake aunawa daban, aikin da zai yi a fili daban.

Tarihin zaɓen ya isa shaida. A 2011 sai a zagaye na biyar Seattle ta ɗauki Richard Sherman na jami'ar Stanford, shi ne na 154, kuma gudunsa bai sauka ƙasa da daƙiƙa 4.5 ba. A kakar 2013 ya fi kowa tare ƙwallon abokan hamayya, sau 8, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofin Super Bowl. A 2014 Cleveland ta ɗauki Justin Gilbert na Oklahoma State a matsayi na 8 bayan ya yi daƙiƙa 4.37. Kaka biyu kacal ya yi musu suka miƙa shi ga Pittsburgh, zuwa 2017 ya fita daga gasar. Josh Norman ya yi 4.66, gudun da ake ganin ya yi nauyi ga mai tsaron gefe, Carolina ta ɗauke shi a zagaye na biyar a 2012, amma a 2015 yana cikin zaɓaɓɓun gwanayen shekara.

To me ya kamata a duba? Na farko shi ne bidiyon wasanninsa na jami'a, kuma a kalle shi da sanin cewa dokokin jami'a da na NFL ba ɗaya ba ne. A jami'a mai tsaro yana da damar bangazar mai cafka a ko'ina muddin ba a jefo ƙwallo ba. A NFL yadi biyar na farko kawai aka yarda masa, bayan nan taɓawa laifi ce. Haka kuma idan ya hana mutum cafka ta hanyar ƙeta, a jami'a hukuncin bai wuce yadi 15 ba, a NFL kuwa ana kai ƙwallo daidai inda aka yi laifin, ko da yadi 50 ne. Saboda haka yaron da ya saba riƙe rigar mutane a jami'a, komai kyan alƙalumansa, zai iya zame wa ƙungiya asara. Wanda ake nema shi ne mai tsaro da ƙafa da ido, hannunsa na jiran ƙwallo.

Na biyu, da wa ya kara? Wanda ya yi suna a kan ƙananan makarantu sai an gwada shi da manya. Quinyon Mitchell ya fito ne daga Toledo, wadda ba ta cikin manyan jami'o'in wasan. Ya je wasan gwaji na Senior Bowl a garin Mobile da ke jihar Alabama, ya tsare manyan masu cafka gaba da gaba, Philadelphia ta ɗauke shi na 22 a 2024, kuma a kakarsa ta farko yana cikin waɗanda suka ci mata Super Bowl. Shi ma Sauce Gardner na Cincinnati, abin da ya ɗaga shi zuwa matsayi na 4 a 2022 shi ne kaka uku da ya yi ba a ci maki ta kansa ba. A shekararsa ta farko da New York Jets ya zama gwarzon sababbin masu tsaro.

Na uku, zuciya da lafiyar jiki. Babu mai tsaron gefen da ba a taɓa wuce shi a gaban dubban 'yan kallo ba. Masu sa ido na ƙwarai sukan duba abin da ya yi a wasan da ya biyo bayan kuskuren: ya tsorata ya ja baya, ko ya dawo ya tsaya? Game da lafiya kuwa, labarin Jeff Okudah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya isa darasi. Detroit ta ɗauke shi na 3 a 2020 daga Ohio State, da kwantiragin shekara huɗu na kusan dala miliyan 33 da rabi. Bidiyonsa ba shi da makusa, amma a wasan farko na kakar 2021 jijiyar agararsa ta tsinke, a 2023 kuma aka miƙa shi ga Atlanta a kan zaɓen zagaye na biyar kacal.

Akwai wasu 'ya'yan 'yan Najeriya biyu da labarinsu ya ƙara fito da maganar. Noah Igbinoghene ɗan 'yan tsere ne, mahaifiyarsa Faith Idehen ta ci tagulla a gudun ba-ni-in-ba-ka a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992. Gudu gado ne a wurinsa, sai dai kaka biyu kawai ya yi yana tsaron gefe a Auburn kafin Miami ta ɗauke shi na 30 a 2020, kuma bai samu gurbi na dindindin a can ba. Chidobe Awuzie kuwa ya shafe shekara huɗu yana tsaro a jami'ar Colorado, sai a zagaye na biyu Dallas ta ɗauke shi a 2017, amma ya daɗe ana damawa da shi, har ya tare ƙwallo wa Cincinnati a Super Bowl na Fabrairun 2022.

Wani zai ce ai Deion Sanders da gudu ya yi suna, kuma Tariq Woolen da ya yi daƙiƙa 4.26 a 2022 ya tare ƙwallo sau 6 a shekararsa ta farko da Seattle. Gaskiya ne, wanda ba shi da sauri sam ba zai iya aikin nan ba. Amma a wannan shekara ta 2022 Kalon Barnes na Baylor ya fi Woolen gudu, 4.23, sai a zagaye na bakwai aka ɗauke shi, Carolina kuma ta sallame shi tun kafin a fara kaka. Amfanin agogo shi ne ya tabbatar mutum ya kai mizanin da ake buƙata. Da zarar ya kai, bambancin 4.35 da 4.45 bai kai darajar iya karanta motsin abokin karawa ba.

Don haka 'yan uwa, idan an fara yaɗa sunan wani yaro saboda tseren Indianapolis, ku nemi cikakken wasansa guda biyu ko uku da manyan makarantu ku kalla, ba gajeren bidiyon da aka tsinto masu kyau kawai ba. Ku duba ƙafarsa, ku duba inda hannunsa yake, ku ƙirga shekarun da ya yi a wannan gurbi. Daga nan sai mu zo mu yi gardama a kan wanda ya cancanci zagayen farko.