Ƙirci Ba Iri Ɗaya Ba Ne

 In hunturu ya kama, fata ta bushe, sai ƙirci ya tashi a tsangayu da rumfunan kasuwa. To, abin nan da jama'a ke kira ƙirci ba ciwo guda ba ne. Likitoci sun raba shi: akwai egzima, akwai soriyasis, kamanninsu kuwa yakan rikita su kansu likitocin.

Egzima takan fara tun ƙuruciya, ƙaiƙayinta ya hana barci. Ta fi kama lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, wani lokaci ta yi ruwa, sau da yawa kuma akwai mai asma a dangi. Soriyasis kuwa gaggawar fata ce, watau sabuntawar da takan ɗauki kamar wata guda sai ta auku cikin 'yan kwanaki, ɓawo mai kauri ya taru bisa gwiwar hannu da ƙoƙon gwiwa da fatar kai. Farce yakan yi 'yan ramuka, waɗansu gaɓoɓinsu su yi ciwo. Littattafan Turawa sun ce tabon ja ne, amma a baƙar fata jan ba ya fita, sai duhu ko toka-toka. A tafin hannu kuwa, irin na mai wanki ko mai auna taki, su biyun sukan zama ɗaya ga ido, har wani sa'in sai an yanki ƙiris na fatar an duba.

In haka ne, yaya mai shagon magani zai yanke hukunci da kallo ɗaya? Man shafawan nan masu sitiroyid sukan kwantar da ciwo na ɗan lokaci, sa'an nan fata ta sirance, in kuwa makero ne ya daɗa bazuwa. Ƙwayoyin sitiroyid na sha, in an bar su farat ɗaya, soriyasis na iya komowa fiye da dā.

Lalle malamai su sani, ba a ɗaukar ko ɗaya daga cikin biyun. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa soriyasis cikin manyan cututtukan da ba su yaɗuwa. Saboda haka hana almajiri akushi dominsu zalunci ne. Ƙazuwa ita ce mai bin tabarma. Tabon da ba ya jin taɓi, a kai mai shi asibitin Saye na Zariya a duba kuturta. Wanda ƙircinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya nufi asibitin koyarwa na Shika, da kwalin man da ya riga ya shafa a hannu.