Kundin Digiri da Hakkin Mai Magana

Duk ƙarshen zangon karatu, shagunan buga takardu na Gusau kan cika da ɗaliban Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2013, da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya, kowa na rige-rigen ɗaure kundinsa. Haka abin yake ga ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe. Bango yakan yi kyau, amma ciki sau da yawa an cika shi da manyan kalmomi da jimloli masu tsawon zango, alhali ba a faɗi inda aka samo magana ba.

Abin takaici ne, domin ƙasar nan tana da abin koyi a gida. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, marubucin Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya shafe shekaru yana bin makaɗa yana taskace waƙoƙinsu, yana jingina kowane ɗa na waƙa ga mai shi. Tun kafin nan, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum don ambaton malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu.

Saboda haka ɗalibar da ta je Bungudu ta yi hira da dattijo kan tarihin garin, wajibinta ne ta rubuta sunansa da shekarunsa da unguwarsa da ranar hirar, ta kuma bambance maganarsa da nata ra'ayi. Malamin da ke duba aikin ya kamata ya ƙi sa hannu idan babu waɗannan.