Littafin Da Aka Cika Yabo, Na Karanta Ban Ƙoshi Ba

Yau zancenmu a kan wani littafin Turanci ne mai suna Circe, wanda wata Ba'amurkiya, Madeline Miller, ta wallafa a 2018. An yabe shi ƙwarai, har ya shiga sahun ƙarshe na gasar littattafan mata ta Ingila a 2019. Ni ma na nema na karanta. To, gani ya kori ji.

Labarin daga tatsuniyoyin mutanen Girka na dā aka ɗauko shi. Sirsi 'yar Hiliyos ce, gunkin rana a wajensu. A tsohuwar waƙar Homa, matsafiya ce zaune a tsibiri, wadda ta mai da mutanen jarumi Odisiyas aladu, daga baya shi kansa ya shekara guda a gidanta. Aka ce mana Miller ta ba wannan mace baki ta faɗi nata. Yabon gwani ya zama dole: Turancinta da daɗi, kuma wurin da Sirsi take renon jaririnta ita kaɗai, ba barci ba mataimaki, kowace uwa za ta gane shi.

Amma ku duba yadda aka auna rayuwarta. Ta so masunci Gilokos, ya juya mata baya, kishi ya sa ta mai da Sila dodo. Daga nan sai Hamis, sai Dedalas, sai Odisiyas, sai Telemakas. Kusan duk matakin da ta taka, wani namiji ne ya buɗe shi. Ko mai da maza aladun, sai da matuƙan jirgi suka ci zarafinta ta fara. Ashe mace ba ta yin ƙarfi sai an zalunce ta?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sauran matan littafin. Uwarta ba tausayi, 'yar'uwarta Fasifayi muguwa, 'yan matan da aka turo tsibirin kuwa ba ta ƙulla zumunci da ko ɗaya ba. Mu da muka san abin da ƙawa da maƙwabciya suke yi wa mace ranar haihuwa da ranar rashi, yaya za mu yarda da wannan?

Sai can ƙarshe Fenelofi, uwargidan Odisiyas, ta iso gidan matar da ta haifa wa mijinta ɗa, ɗan da kuma shi ya yi ajalin uban bisa kuskure. Mata biyu, ciwo ɗaya, rufi ɗaya! Nan ne labari yake, amma aka taƙaita shi, aka garzaya wajen haɗa Sirsi da Telemakas, ɗan uban ɗanta. Gaskiya ne tsofaffin Girkawa ma haka suka ƙare labarin, amma wadda ta sauya abubuwa da yawa, me ya hana ta sauya wannan?

Ku 'yan makaranta, ban ce kada ku karanta ba, sai dai ku bari sai kun girma, don akwai wuraren da ba na yara ba ne. In kun karanta, ku ƙirga sau nawa mata biyu suka zauna suka yi maganar alheri. Iyaye mata kuma, in 'yarku ta zo da littafi, ku tambaye ta abin da ke ciki, kada ku tsaya ga yabon da ke bayan bango.

Allah ya ba mu basira. Sai wani makon.