Kafin a jefar da manhajar gida

Duk ofishin da ke Jega ko Aliero da ya gaji da manhajar karɓar ƙorafi ta gida, yana hangen Jira ko Zendesk, ya fara yin lissafi. Haya ce ake biya kan kowane ma'aikaci, kuma da dala. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A watan ne kuma Atlassian ta daina kula da Jira Server.

Gaskiya manhajar gida na da ciwo: wanda ya rubuta ta ya koma Abuja, ba mai gyara. Maganinsa a koya wa mutum na biyu. Wanda ya dage sai ya ƙaura kuwa, ya gwada fitar da bayanansa daga sabon dandalin kafin ya biya.