Kada a Yi Saurin Ɗora wa Kaset Laifi

Kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera na'urar bidiyo ta VHS a shekarar 2016, kuma shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera ta. Ma'anar wannan ga mai kaset ɗin bikin iyayensa ko na hawan salla a ƙasan akwati ita ce, duk na'urar da za ta karanta masa shi tsohuwa ce. Wannan ya sa nake ganin kuskure ne yadda ake saurin yanke wa kaset hukunci. Sai mutum ya kai shi shago a juye masa a filas, hoto ya fito yana rawa ko yana dishi-dishi, mai shago ya ce kaset ya lalace, shi ke nan a jefar. Sau da yawa kaset ɗin lafiyarsa ƙalau, na'urar ce ko hanyar juyewar ke da ciwo.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A haɗa na'urar kai tsaye da talabijin, a cire kwamfuta daga tsakani. Idan hoto ya fito daidai, matsalar tana ga abin da ke shigar da shi kwamfuta. Idan bai fito ba, a saka wani kaset da aka tabbatar da lafiyarsa. Aibin da ya bayyana a kowane kaset na na'ura ne. Wanda kuwa yake dawowa a daƙiƙa ɗaya tak duk lokacin da aka mayar da kaset baya, ko da an sauya na'ura, wannan a jikin zaren yake.

Kowane aibi da kamanninsa. Ratsin dishi-dishi da ke gicciye a hoto yana nuna kan na'urar bai hau layin da aka naɗa daidai ba, kuma maɓallin da masu gyara ke kira tirakin yakan magance shi. Ya fi damun kaset ɗin da aka naɗa a tsarin LP don a sami ƙarin lokaci, saboda layukansa sun fi sirantaka. Irin wannan ya fi jituwa da ainihin kyamarar da ta ɗauke shi, in tana nan da rai. Idan hoto ya ɓace gaba ɗaya amma murya na fita, yawanci datti ne ya toshe kan. A kaset ɗin MiniDV, wanda ya shigo kasuwa a 1995, dattin yakan fito ne kamar ƙananan murabba'ai ko faffaɗan ratsi. Siririn layin nan mai karkacewa a can ƙasan hoto kuwa ba aibi ba ne. Wurin da kai ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki ne, tsofaffin talabijin suna ɓoye shi a bayan gefen allo, kwamfuta ce ta tona shi.

Hoto ya koma baƙi da fari? A tambayi inda kaset ya fito. Nijeriya ta yi amfani da tsarin PAL, Amurka NTSC, Faransa da Nijar kuma SECAM. Kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ba zai ba da launi daidai ba sai an saita na'ura da manhaja a kan tsarinsa.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen rawar hoto. Zaren kaset ba ya tafiya da sauri guda daidai wa daida, saboda haka layukan hoton ba sa isowa a kan lokaci. Tsohuwar talabijin tana da haƙuri, tana bin su yadda suka zo. Ƙaramar na'urar USB mai araha ba ta da wannan haƙurin: saman hoto ya lanƙwashe, wasu hotuna su zube, bayan rabin awa baki ya yi gabas murya ta yi yamma. Maganin shi ne na'urar daidaita lokacin sigina, wadda ake kira TBC. Wasu kyamarorin Hi8 da Digital8 na Sony suna da ita a ciki, kuma masu wannan sana'a kan bi da sigina ta cikin na'urar DVD ta Panasonic samfurin DMR-ES10 don ta miƙar da layukan. Shagon da ke karɓar kuɗin juye kaset bai san da wannan ba, a ganina bai cancanci a ba shi kaset ɗin da babu irinsa a duniya ba.

MiniDV da Digital8 tun asali lambobi ne a kan zare. Ta wayar FireWire ake kwashe su yadda suke, kimanin gigabait 13 a kowace awa. Juye su ta wayar nan mai kai ruwan ɗorawa asara ce kawai.

Akwai kaset ɗin da ya lalace da gaske, musamman wanda ya sha danshin damina shekara da shekaru. Idan aka hango farin fumfuna ta tagar kaset, kada a saka shi a na'ura, domin zai ɓata kan ya kuma shafa wa na bayansa. Sai an share shi tukuna. Fararen ɗigo masu wutsiya da ke giftawa alama ce ta wurin da maganaɗisu ya ɓantare, kuma abin da ya ɓantare ba ya dawowa.

Za a ce duk wannan wahala ce, alhali manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya goge hoto ya fito tas. Suna iyawa, amma cike giɓi suke yi da hasashe, kuma fuskar kakar da ta rasu ba wurin hasashe ba ce. A fara karɓar kwafi na asali, ba a matse ba, ba a gyara ba, da rabin-hotunansa 50 a daƙiƙa yadda PAL ya naɗa su. Daga shi a fitar da ƙaramin da za a tura wa dangi a WhatsApp. Kaset ɗin kuma a karɓo shi, a tsayar da shi a kan gefensa cikin kwalinsa, a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika.